Mutumin da Ke Ƙarƙashin Rumfar Pellam

Emil Kovanda kafinta ne. Duk wanda ya taso a garin Pellam na jihar Nebraska a Amurka kafin yaƙin duniya na biyu, ko dai a kan gadon da Emil ya haɗa aka haife shi, ko a kan bencinsa ya koyi karatu, wasu kuma a cikin akwatinsa aka raka su makwanci. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga gashin baki da ba ya rabuwa da garin katako. Yana ɗan shekara shida iyayensa suka taho da shi daga ƙasar Bohemiya a Turai, har ya tsufa harshensa bai gama sakin yarensu na can ba, wataƙila shi ya sa magana ba ta dame shi ba. In ka tambaye shi ko ƙofa za ta yi ƙarko, sai ya jijjiga ta sau biyu ya ce maka i ko a'a, ya ɗauki zartonsa ya ci gaba da aiki.

A 1906, yana da shekara ashirin da bakwai, majalisar gari ta ba shi aikin rumfar kallo a filin makaranta. Bencuna ne hawa goma sha biyu, kowane hawa ya fi na gabansa tudu, duk a kan ginshiƙan katako ashirin da huɗu da ya kafa a ƙasa da hannunsa. Ta mutum ɗari uku aka ce ya yi, ya yi ta ɗari huɗu don hankalinsa ya kwanta. A shekarar nan ya auri Hedvika, wadda kowa ke kira Hattie, mace mai fara'a da surutun da ya ishe su su biyu. Suka haifi 'ya ɗaya, Libby. Gidansu na bayan filin, tsakaninsu da rumfar bai fi taku ɗari biyu ba.

To, a wancan zamani akwai wani zazzaɓi da ya kama ƙananan garuruwanmu, ana ce masa kishin gari. Ba wanda ya taɓa ganinsa da ido, amma kowa ya san wanda ba shi da shi. A bakin ɗan takara, kishi shi ne ka jefa masa ƙuri'a ba tare da ka tambayi inda aka kwana a maganar hanyar da ya yi alkawari bara ba. Shugaban makaranta kuwa da maƙogwaro yake auna nasa. Yaron da ya zo aji ran Litinin muryarsa ba ta dishe ba, to bai yi wa makaranta ihu yadda ya kamata ran Asabar ba, sai an zauna da shi. Mai horar da 'yan ƙwallo, in yaro ya karya yatsa ya naɗe da tsumma ya koma fili, sai ya nuna shi ya ce kun ga kishi. Masu kantuna sun fi kowa zaƙewa, don a wurinsu duk matar da ta aika birni aka sayo mata takalmi ta ci amanar Pellam. Kuma dukkansu rumfar Emil suke tarawa mutane in za su faɗi nasu.

Akwai kuma tattaka. Ba a san wanda ya fara ta ba. Da zarar yaran Pellam sun doshi layin abokan karawa da ƙwallo, sai duk wanda ke kan rumfa ya miƙe, a buga ƙafa a katako sau uku a tare, a kira sunan gari, a sake, a sake, har sai an ci ko an kasa. Daga tashar jirgin ƙasa ana jin ta. Da gari ya ƙaru, mutum ɗari takwas ke cusa kansu a wurin ɗari huɗu, yara a kan cinya, samari a maƙale a gefe.

A bazarar 1924, bayan ƙanƙara ta narke, aka kira Emil ya gyara benci ɗaya da ya tsage. Da ya gama sai ya ce bari ya leƙa ƙasa tunda ya zo. Ya durƙusa a gindin ginshiƙi na farko, ya zaro wuƙar aljihunsa ya soka daidai inda katako ya haɗu da ƙasa. Wuƙar ta shige har mariƙinta kamar ya soka ta a dafaffen dankali. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tara sun ruɓe, shida daga ciki kuwa dogayen baya ne, masu ɗauke da hawa na can sama. Ya rarrafo ya fito daga cikin laka.

Bai koma gida ba, kantin Chester Dunlap ya nufa. Chester shi ne mai babban kantin kayan gida, kuma shugaban Ƙungiyar Ɗaukaka Pellam, dogon mutum mai fara dariya tun kafin ka gama magana. Ba mugu ba ne, a gaskiya. Son garin nan yake yi kamar zai haukace.

"Chester, rumfar nan ta ruɓe daga ƙasa. Sai an sauke ta an sake ginshiƙai."

"Wace rumfa? Taka?" Chester ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai ɗan Bohemiya, aiki ne ya yi maka ƙaranci kake neman rushe na da?"

"Zo ka gani da idonka. Minti biyar kawai."

"Emil, zauna ka ji. Wata mai zuwa mutanen kamfanin gwangwanin masara za su zo. Ko nan ko garin Stannard za su kafa masana'antarsu. So kake su sauka daga jirgi su tarar an zagaye filinmu da igiya, ana cewa Pellam ta ruɓe? Ai 'yan Stannard sai sun yi rawa a titi. Bari a wuce wannan, sai mu duba."

Aka wuce wannan, masana'anta ta tafi Stannard, sai kakar ƙwallo ta shigo. Aka wuce ta, sai zaɓe. Emil ya je wurin shugaban makaranta, shi kuwa ya ce masa filin na gari ne. Ya je majalisa, suka ce sai sun ji ta bakin ƙungiya. Daga ƙarshe ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi cin abincin rana da ƙungiya ke yi duk Talata a otal. Ya jira aka gama da kaza da dankali, ya miƙe da guntun ruɓaɓɓen katako a hannu. Al'adarsu ce in mutum ya ɗauko maganar da za ta sanyaya gwiwa, sai a hau buga cokula a jikin kofuna ana rera waƙar gari har sai ya zauna. Emil bai kai jimla ta uku ba aka fara. Mutanen da ya yi wa ƙofofi da tagogi ne, suna buga cokali suna yi masa murmushi, ba wanda ya ji a ransa ya yi masa laifi. Ya ajiye katakon kusa da kwanon gishiri ya fita.

Mai kushe gari, a wurinsu, mai guduma ne, wasu na gini yana bi yana farfasawa. A shekarun nan garuruwa da dama sun yi abin da ake kira jana'izar guduma, Chester ya ce ba za a bar Pellam a baya ba. Za a sassaƙa ƙatuwar guduma, a sa ta a akwatin gawa, a zaga gari da ita da badujala, a binne ta a bakin fili, kowa ya zuba ƙasa ya yi alkawarin bakinsa ba zai ƙara faɗin aibin Pellam ba. Kafinta ɗaya ne kuwa a garin, shi aka kawo wa aikin.

"Ka yi musu, Emil," in ji Hattie tana zuba masa miya. "Jiya a coci matar Dunlap ko kallona ba ta yi ba. Libby ta dawo tana kuka, wai 'yar mai guduma ake ce mata. Yarinyar da aka zaɓa ta riƙa ba da ihu 'yan mata na amsawa! Ka faɗa, sun ji. Sauran kuma na Allah ne."

"Ba na Allah ba ne, Hattie. Nawa ne. Ni na kafa su."

"To ai ka kafa su da kyau, shekara goma sha tara ko gezau ba su yi ba. Ci abincinka kada ya huce."

Ya yi gudumar, ya yi akwatin. Abin haushin, hannunsa bai iya aikin banza ba, sai da ya goge akwatin ya shafa masa mai har yana ƙyalli. Ranar bikin 'yancin kai ta 1925 aka yi jana'izar. Rumfa ta cika maƙil. Chester ya sa baƙar hula yana kukan ƙarya da ƙaton hankici, mutane na riƙe ciki don dariya. Da aka saka akwati a rami sai ya ɗaga murya.

"Wa zai fara zuba ƙasa? Emil Kovanda! Taso, ɗan'uwa, yau ka dawo cikinmu!"

Emil ya tsaya a bakin rami bai sunkuya ba. Don a ƙarfafa masa gwiwa, sai aka fara yi masa tattaka. Ya ɗaga kai ya ga hawa na can sama yana ɗan lilo gaba da baya, ga Libby a tsakiya cikin farar riga tana buga ƙafa tana kiran babanta. Ya damƙi ƙasa da sauri ya watsa a ramin, ba don komai ba sai don su daina. Suka daina, suka tafa masa, Chester ya rungume shi.

Washegari da asuba ya ɗauki katakonsa na kansa ya shiga ƙarƙashin rumfar. Ba a iya cire ginshiƙi sai an sauke abin da ke kansa, don haka abin da zai iya shi ne tokari. Ya haɗa wa kowane ruɓaɓɓe sabon katako a gefe, ya ɗaura wasu a gicciye, ya tura duwatsu a gindi, ya cusa weji, wato guntun katako mai tsini, a duk inda ya ga rata. Amma tattaka tana sassauta weji. Saboda haka duk Asabar ɗin da ake wasa a gida, kafin mutum na farko ya hau, Emil na ƙasa da gudumarsa da kwandon weji. Ana bugawa a sama, yana gudu daga wannan ginshiƙi zuwa wancan a duƙe yana mayar da abin da ya zame.

Shekara goma sha uku yana wannan. Bai ƙara ganin wasa ko ɗaya ba. Abin da ya sani na ƙwallo shi ne ƙura a ido, da ɓawon gyaɗa a wuyan riga, da kofi mai zafi da kan tsiyayo ta tsakanin katako. Ba ɓoyewa yake yi ba, kowa ya san yana can, har Ɓeran Rumfa aka laƙaba masa. Amma ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya ga me yake yi. In ya shiga shagon aski ran Litinin, sai wani ya ce, "Kawu Emil, yaya dai, har yanzu ba ta faɗi ba? Ko sai mako mai zuwa?" A kwashe da dariya. Wannan ne ya fi ci masa rai, kuma ya kamata ya ci. Duk Asabar ɗin da ya hana ta faɗuwa, hujja ya ƙara ba su cewa ƙarya yake yi.

Sau ɗaya, wata Laraba da hantsi da fili babu kowa, ya tafi da babban zarto. Ginshiƙai uku kawai zai yanke ta kife da kanta, a huta. Ya ɗora haƙoran zarton a jikin katako. Sai ya tuna saura wata guda bikin Libby da Vernon mai rabon wasiƙa, ya tuna Hattie a coci, ya tuna shi har yanzu ɗan Bohemiya ake ce masa, kuma za a ce ɗan Bohemiya ya rushe kayan gari don a ce ya yi gaskiya. Hannunsa ya ƙi ja. Ya koma gida da zarton a kafaɗa, bai taɓa gaya wa kowa ba sai Hattie, ita kuwa ta ce ta gode Allah da hankalinsa ya dawo.

Sai shekarun wahala suka zo. Banki ya rufe, fari ya ƙone masara tun tana gwiwa, iyalai suka riƙa ɗaure katifu a kan mota suna yin yamma. Kishin gari kuwa maimakon ya ragu sai ya ƙaru, don shi kaɗai ne ba a saye. Chester ya zama magajin gari, gashinsa ya yi fari, dariyar ta ragu. Wata rana a 1934 ya shigo shagon Emil ya zauna a kan tarin katako.

"Na leƙa, Emil. Bara, ni kaɗai. Na ga abin da kake yi."

Emil ya ajiye abin da ke hannunsa. "To?"

"To me? Ko senti babu a asusun gari da za a sake ta."

"Ban ce a sake ba. A rufe. Su tsaya a ƙasa su yi kallo, ƙafafunsu ƙalau."

"Ka san mutanen nan. Gonarsu ta tafi, shanunsu sun tafi. Ranar Asabar ɗin nan ce kaɗai suke hawa can sama su ji su ma mutane ne. In na ce musu ita ma ta ruɓe, me na bar musu?" Ya miƙe ya dafa kafaɗar Emil. "Riƙe mana ita shekara ɗaya kawai, tsohon aboki. In damina ta yi kyau, da bakina zan faɗa a majalisa."

Damina ba ta yi kyau ba, ta bayanta ma haka. Tokarin Emil na farko su ma suka fara ruɓewa, ya riƙa yi wa tokari tokari. Ƙarƙashin rumfar ya zama wani kurmi da shi kaɗai ya san wanne ke riƙe da wanne.

A watan Agusta na 1938 ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka kwantar da shi a ɗakin da tagarsa ke fuskantar fili. Hankalinsa garau yake, wannan shi ne azabar. Duk wanda ya matso sai ya kama hannunsa da hagu ya nuna taga yana gurnani. Aka ba shi allo da alli, hannun hagu bai saba rubutu ba, ba abin da ya fito sai zane-zane.

"Rumfar nan dai ko?" in ji Hattie tana gyara masa matashi. "Kai dai ba ka gajiya. Vernon ya je ya duba jiya, ya ce tana nan daram. Ko ba haka ba, Vernon?"

"Daram, Baba. Na ma hau har sama na yi tsalle. Ka kwantar da hankalinka."

Likita ya ce kada a bar shi ya riƙa damun kansa, saboda haka aka daina yi masa maganar gaba ɗaya. In ya nuna taga, sai a ba shi ruwa. Chester ya zo dubiya sau ɗaya da furanni, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da shi, ya ce Allah ya ba da lafiya ya tafi.

Wasa biyu na farko aka yi su cikin ruwan sama, mutane kaɗan suka zo, Emil ya jiƙe da gumi a gado har aka tashi lafiya. Na uku shi ne na Stannard, a tsakiyar Oktoba, rana ta fito tas. Tun da hantsi yake jin motoci da kekunan doki suna wucewa ta ƙofar gida. Da azahar Libby ta shigo da Vernon da 'yarsu Arlene mai shekara tara, an ɗaura mata kintinkiri mai launin makaranta a gashi. Emil ya kama rigar Libby ya riƙe gam. Ya girgiza kai iya inda wuyansa ya yarda, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

"Wayyo Baba, so kake ka je ko?" Libby ta sumbaci goshinsa, ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a hankali. "Kada ka damu. Can sama za mu zauna, daga nan ana hango tagarka. Arlene za ta ɗaga maka hannu. Mama, buɗe masa tagar ko ihun ya ji."

Suka fita suna sauri kada a riga su wuri. Hattie ta ɗan buɗe tagar, ta jawo kujera ta zauna da saƙarta. Daga inda yake kwance ba ya ganin komai sai sama da reshen bishiya.

Ya ji badujala, ya ji usur, ya ji hayaniya tana tashi tana sauka. Can wajen la'asar aka fara tattaka. Bugu uku, sunan gari. Bugu uku, sunan gari. Har a ƙafafun gadonsa yake jin ta. Hannunsa na hagu ya riƙa lalube a kan bargo yana neman guduma, bai sami komai ba. Sai a tsakiyar wani bugu ya ji wani sauti daban, ba mai ƙarfi ba, irin wanda katako mai kauri ke yi in ya saki daga ciki. Ya san ko wanne ne, na huɗu daga kudu a layin baya, wanda ya fi ba shi wahala. Na kusa da shi ya bi. Daga nan wani ihu ya tashi daga fili, wanda a duk shekarun nan bai taɓa jin irinsa ba.

Hattie, da kunnenta ya yi nauyi a 'yan shekarun nan, ta ajiye saƙa a cinya, fuskarta ta washe.

"Ka ji? Ka ji su? Wallahi mun ci Stannard, tsoho!" Ta duƙa ta share masa fuska da gefen zanen girkinta tana dariya. "Haba, har da kuka? Kai da ƙwallo ba ta dame ka ba. Tsaya in ƙara buɗe maka tagar ka ji da kyau."